Gefen da Ba Ya Gani

Jidda, unguwar Sharafiyya
Rajab, 1379

Zuwa ga Yaya Dela, a Madani ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane, ina gaida Inna A'i da yaranki da duk mutanen zango. Mu nan lafiya lau. Matata Zakiya ta warke daga zazzaɓin da na gaya miki, tana gaishe ku da Hausarta ta 'yan Jidda, rabinta Larabci.

Takardarki ta same ni a warsha, garejin da nake aiki, hannuna duk baƙin mai. Da na kai inda kika ce takardun Inna sun fito, bana za ta ƙetaro, sai na zauna a kan taya na yi kuka, ban ko ji kunyar abokan aiki ba. Matar da ta baro Katagum a ƙafa tana amarya da niyyar Makka, ta tsaya Madani tsinkar audugar kaka ɗaya, har ta binne miji, ta binne ƙanwarta uwata, ta raine ni tare da ke a tabarma ɗaya. Ki gaya mata ni zan tarbe ta a bakin ruwa, ni kuma zan riƙe hannunta a ɗawafi. Zakiya har ta soma share mata ɗaki.

Yanzu bari in ba ki labarin da za ki ce na zautu. Shugabanmu a warsha Bature ne ɗan Ingila, Khawaja Gilbi. Kafilinmu, Balaraben da muke aiki a ƙarƙashinsa, ya ɗauko shi don ya kula da motoci, amma shi ba mota ce a ransa ba, ɗan tseren babur ne. Lokacin babban yaƙi shi ke kai saƙon soja a kan babur cikin saharar Masar. Da aka gama yaƙi ya koma gida ya kasa zama, sai ya shiga tsere. Ya ce da farko a tsofaffin filayen jirgin sama suke yi, daga baya ya koma tseren titi, inda ake rufe hanyar gari a yi ta gudu tsakanin katangar dutse da ƙofar gidajen mutane. Akwai wani tsibiri a ƙasarsu da ake yin babban tseren shekara. Ya taɓa zuwa na uku a can, hoton yana nan a bangon ofishinsa, rana ta koɗar da shi. Shekarar da ta biyo baya ya daki katanga, aka sa masa ƙarfe a ƙafa, shi ya sa yake ɗingishi.

Tun zuwansa yake haɗa wani babur mai taya uku a bayan warsha. A gefensa na hagu akwai allo a shimfiɗe, bai fi sallaya ba, ba kujera, sai maƙalan ƙarfe na riƙewa. Mutum na biyu a nan yake durƙusawa. In za a sha kwanar hagu sai ya leƙa da jikinsa waje har kafaɗarsa ta kusa shafar ƙasa, in ba haka ba tayar gefe ta tashi su kife. In kwanar dama ce sai ya haye bayan direba ya danne. Ya gwada abokin aikina Othman, Othman ya yi amai. Ni ya gwada ni ranar Juma'a da sassafe a hanyar Madina, ya tsaya ya dube ni ya ce a ina na koya. Na ce a kan raƙumin auduga. Wai a ƙasarsu biri suke kiran mai wannan aikin. Don Allah kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki,
Rafi'u

Madani
Sha'aban, 1379

Zuwa ga ƙanena Rafi'u.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ciwon gwiwa da ya riƙe ni tun ɗibar auduga. Inna tana cin abinci, tana salla a tsaye. Ka gaida Zakiya, ka ce mata Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai.

To, sannu biri. Mun tura ka Jidda ka koyi sana'a ka share wa Inna hanya, ashe kana can kana lilo a gefen Bature. Ban gaya mata ba, ba don roƙonka ba, don ba na son hankalinta ya rabu biyu.

Bari in gaya maka halin da take ciki, tunda rabonka da ita an daɗe. Yanar idon nan ta rufe. Tana bambanta rana da inuwa, shi ke nan. Da muryata take gane ni. Amma tun da takardun nan suka fito ta zama yarinya, kullum da hantsi sai ta sa jikokinta su zagaya da ita rumbu, wai tana koya wa ƙafafunta ɗawafi. Ka san halinta. Har yau ta hana a yi mata ɗakin ƙasa, tana nan cikin bukkar kara. Bara na kawo dashen lemun tsami zan sa a ƙofarta, ta ce in fitar mata da shi, matafiyi ba ya dasa itace, mu a hanya muke. Matar da jikokinta suka kusa aure a garin nan!

Ni ba zan iya ƙetarowa ba, takarda ita kaɗai aka ba. Zan raka ta Sawakin in sa ta a jirgi tare da maƙwabcinmu Haladu. Haladu kuwa mahaifinsa gurgu zai goya, ba shi da hannun da zai ba kowa. Na ce mata in an isa akwai masu ɗaukar tsofaffi a kan makara su zagaya da su. Ta ce ita ba gawa ba ce, da ƙafarta ta baro gida, da ƙafarta za ta zagaya, kuma hannun Rafi'u za ta riƙe.

Tambaya ɗaya gare ni. Mutum ba ya haɗa babur don ya yi ta zagaya rairayi da shi. Wannan Khawajan naka ina ya nufa, kuma yaushe? Ka amsa mini a fili, kada ka yi mini zagaye-zagayen da ka saba tun kana yaro.

Yayarka,
Dela

Jidda
Ƙarshen Ramadan, 1379

Zuwa ga Yaya Dela.

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Allah ya sawwaƙa ciwon gwiwa. Na ba wani mai komawa man zafi da dabino, ki duba ko sun iso. Mu lafiyarmu ƙalau, sai dai ba na barci sosai.

Kin ce in amsa a fili, to ga shi. Tsibirin nan ya nufa. Ya ce shekarunsa sun ja, bana ne kawai ya rage masa. Yana so in bi shi. Ya riga ya yi wa kafili magana, kafili ya ce in dai zan dawo kafin iƙamata, takardar izinin zamana, ta ƙare zai sa hannu. Na kai kalandar Turawa wurin liman muka dubi kwanakin tare. Yaya, tseren ya faɗo cikin Zulhajji. Jirgin da zai ɗauki babur zai tashi kafin jiragen alhazai su gama shigowa. Babu yadda mutum ɗaya zai yi duka biyun.

Na san abin da za ki ce, ni ma shi na ce wa kaina, kuma da abin iya nan ya tsaya da tuni na ce masa a'a. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Zakiya. Wata rana na miƙa masa sifana ta gefen hagu, hannuna a miƙe har ya gaji, yana ta kiran a kawo masa sifana. Juma'ar da ta biyo baya, cikin durorin da muke jerawa su zama kwana, ya kwashi na hagu da tayar gefe, na tashi sama na faɗo cikin rairayi. Da muka zauna muna kakkaɓe jiki na ce masa, "Ya Khawaja, idonka na hagu ba ya gani."

Daga baya ya ce tun ranar da ya daki katanga idon ya mutu, amma a waje lafiya lau yake, kuma likitan tsere allon haruffa kawai yake nunawa, shi kuwa ya san yadda ake leƙawa ta tsakanin yatsu. Ya ce in suka sani ba zai ƙara hawa ba har abada. Ki lura, allon da nake durƙusawa a gefen hagu yake. Tun da muka soma bai taɓa ganina ba in muna gudu, nauyina kawai yake ji.

Daga ranar muka yi dabara. In kwanar hagu ta taho ni nake gani, sai in daki ƙwaurinsa sau ɗaya ya rage wuta, sau biyu ya karya. Tun daga nan bai sake taɓa duro ba. Har maƙalin ƙarfen gaba ni na lanƙwasa shi da kaina daidai tafin hannuna, don in riƙe da hannu ɗaya in daka da ɗayan. Jiya ya ce mini, da Larabcinsa mai ƙashi, "Rafi'u, inta aini." Wai ni ne idonsa.

Na tambaye shi, in ban je ba fa? Ya ce zai ɗauki wani a can, akwai samari da yawa masu neman allon da za su hau. Na ce zai gaya wa saurayin? Ya tashi ya shiga ofis. Kin ga inda nake. In na tafi, Inna za ta sauka ba kowa. In na zauna, ɗan wasu zai durƙusa a gefen makaho bai sani ba, ga katangar dutse, kuma ni kaɗai a duniya na san haka.

An ɗauki hotona na fasfo, don ya matsa. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Zakiya ta ga hoton a aljihuna, ta ce, "Haram alaik ya Rafi'u, takaba kake so in shiga? Khalas, shi ke nan, ka zaɓa, ni ko wannan ƙarfen." Tun daga ranar tana ajiye mini abin buɗa-baki ba ta magana.

Ƙanenki,
Rafi'u

Madani
Shawwal, 1379

Rafi'u.

Sallama da gaisuwar salla. Man zafi ya iso, na gode. Inna lafiya. Ni ce ba lafiya ba, tun da na karanta takardarka zuciyata take tafasa.

Kai ne idonsa? Ita kuma fa? Lokacin da uwarka ta rasu kana tsumma, wa ya tauna maka gero ya sa maka a baki? Lokacin da kyanda ta kusa tafiya da idanunka, wa ya kwana yana ɗiga maka nono a ciki? Bature ya ba ka shekara biyu da ɗan yabo, har kana kai kalanda wurin liman kana aunawa. Wallahi na ji kunya.

Kada ka ɓoye a bayan ɗan mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ni na san ka. Kana son gudun nan, na ji shi a takardarka ta farko, yadda ka ba da labarin kafaɗa tana shafar ƙasa. Ka faɗi gaskiya ka ce kana so ka ga Ingila, a ɗauke ka hoto a rataye a bango. In kuwa da gaske ran saurayin ne ya dame ka, to bakinka ba a ɗinke yake ba. Mutum ya ɓoye makanta zai ɗauki ɗan wani ya yi gudu da shi, kai kuma kana rufa masa asiri, kana kiran abin amana?

Kuma ko ka je, wa ya ce maka dukan ƙwauri zai hana mutuwa? Duro kuke kaucewa a fili. Can ka ce katanga ce.

Inna ta wanke farin mayafinta ta ninke. Kullum sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, ko kana da gemu, don ta san abin da za ta shafa ta gane ka. Ni me zan ce mata? Za mu tashi zuwa Sawakin farkon Zulƙida. Ka aiko mini da kalma ɗaya kafin nan.

Dela

Jidda
Zulƙida, 1379

Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. A tsaye nake rubutun nan, mai kai saƙon yana jirana. Takardarki ta iso, kuma abin da kika faɗa game da son gudu gaskiya ne, ba zan musa ba. Mun rufe babur cikin akwatin katako, gobe zan bi shi zuwa bakin ruwa. Na yanke shawara. Abin da zan yi zai karya zuciyar wanda ya yarda da ni, kuma ban ga wata hanya ba. Ki roƙa mini Allah. Sauran bayani sai na samu zama.

Rafi'u

Sawakin
Zulƙida, 1379

Rafi'u, ko wanda ya buɗe takardar nan a gidansa.

Sallama. Mun iso Sawakin lafiya, muna zangon alhazai, an yi wa Inna allura, hannunta ya kumbura amma ya soma saɓewa.

Guntuwar takardarka ta riske ni a hanya. Na karanta, na fahimta. Ka bi akwatinka zuwa bakin ruwa, ka karya zuciyar wadda ta yarda da kai. Aƙalla ka faɗa da bakinka. Addu'ar da ka ce in yi maka na yi, na roƙi Allah ya dawo da kai da ranka, don Zakiya. Ban iya ƙara komai a kai ba.

Ban gaya wa Inna ba. Sau biyu ina buɗe baki. Jiya da la'asar na kai ta bakin teku, ta tsoma ƙafa, ta ce, "Dela, wannan ne ruwan?" Na ce shi ne. Ta ce, "Ashe kusa ne." Ta tsaya tana fuskantar gabas tana murmushi, ta ce Rafi'u yana can tsallake yana duban nan. Na ce i, Inna. Ƙaryar da ka sa na yi ke nan.

Zakiya, in ke ce kike karantawa, ko aka karanta miki, ina roƙonki don girman Allah. Jirginsu zai taso cikin makon nan. Tsohuwa ce gajeriya, da tsagen Katagum a kumatu, na ɗaura mata jan zare a wuyan hannu. Tana tare da wani mutum mai goye da mahaifinsa, sunansa Haladu. Ki nemi wani namiji cikin danginki ya tsaya a bakin ruwa. In ta shafa fuskarsa ta ce ba shi ba ne, ku ce mata aiki ya riƙe shi.

Dela

Jidda
Bayan saukowa daga Mina, Zulhajji 1379

Zuwa ga Yaya Dela.

Assalamu alaikum. Kafin komai: Hajiya A'i tana gaishe ki. Tana nan a ɗakin da Zakiya ta share, ƙafafunta cikin ruwan ɗumi, tana faɗa wai an cika gishiri a miya. Ta yi Arfa, ta yi jifa, ta yi ɗawafi da ƙafarta. Muryarta ta dushe, ban da wannan lafiyarta lau.

Takardarki ta Sawakin a jirgi ɗaya suka zo da Inna, Haladu ya miƙo mini ita ina riƙe da hannunta. Sai da muka isa gida na karanta. Yaya, ba Inna nake nufi ba. Laifina ne da na yi rubutu a tsaye, amma ke ma kin yi saurin yanke mini hukunci, kuma ya yi mini zafi.

Ga abin da ya faru. Na raka akwatin har bakin ruwa, na tsaya aka ɗaga shi aka sa a jirgi. Khawaja yana riƙe da fasfo biyu. Na ce masa ba zan je ba, uwata tana tafe. Bai yi mamaki ba, ina jin ya daɗe da sani. Ya ce, "Tayyib," wato to, ya mai da nawa aljihu. Sai na ce saura magana ɗaya. Na ce ya yi mini alkawari duk wanda zai hau allon nan zai gaya masa zancen idon tun kafin ya durƙusa. Ya ce in ya faɗa ba wanda zai hau. Na ce to kada a hau. Na ce in bai yi alkawari ba, daga nan ofishin jakadansu zan wuce in faɗa, su buga waya tsibirin.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ya ce shekara biyu yana shan zafin garin nan saboda mako ɗaya. Ya ce bai taɓa gaya wa ko matarsa ba, ni ya gaya wa, ga abin da na yi da shi. Na ce ba gaya mini ya yi ba, faɗuwa na yi na gane. Muka tsaya, 'yan dako suna ta yalla yalla a kanmu, wai mu matsa. Can ya ce ya yi alkawari. Na miƙa masa hannu, ya juya mini gefensa na hagu ya hau tsanin jirgi. Ban sani ba ko bai ga hannun ba ne, ko ya ga dama ne ya ƙi gani.

Inna kuwa, tun daga kan tsani na gane ta, ga jan zaren da kika ɗaura mata. Na durƙusa a gabanta. Ta shafa kaina, ta shafa gemuna, ta ce, "Ka rame. Ba ta ba ka abinci ne?" Zakiya tana gefe, ta yi dariya har da hawaye, ranar ta soma yi mini magana.

A Harami cunkoso ya yi yawa. Na tsaya ta hagunta don in kare ta, ta janye ni ta ce, "Koma dama. Hagun nan na Ɗakin Allah ne, kada ka tare mini." Muka soma zagaye. Hayaniya ba ta bari ta ji muryata. Sai a zagaye na uku na lura da abin da hannuna yake yi: ina matsa wuyan hannunta sau ɗaya ta rage sauri, sau biyu ta karkata. Ban koya mata ba, ita ta gane da kanta. Da muka gama muka zauna ta ce, "Wane makaho ka taɓa ja?" Na gaya mata duka, da babur, da biri, da fasfo. Sai ta ce in juyar da ita ta fuskanci Ɗakin. Ta daɗe tana addu'a. Na ji tana cewa Allah ya tsare ɗan mutanen da ba mu san sunansa ba.

Abin da ke hana ni barci ke nan yanzu. A lissafin liman, cikin kwanakin nan ake tseren. Alkawari ne na mutumin da ya ƙi karɓar hannuna. Kullum sai na bi ta ofishin kafili in ga ko an bugo waya. In wani abu ya sami yaron nan, ban san yadda zan ɗauka ba.

Ƙanenki,
Rafi'u

Jidda
Muharram, 1380

Yaya Dela,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna za ta taso a jirgin mako mai zuwa tare da su Haladu, ki shirya zuwa Sawakin. Har yanzu ban ga amsarki ba, ko fushin bai huce ba ne.

Labari ya zo. An kawo sabon Bature warsha a madadin Khawaja Gilbi, shi ya ba ni. Ya ce a can kowa zancen yake yi. Khawaja ya sami saurayi, sun tura babur har bakin layi ranar gwaji, injin yana ruri, yaron ya riga ya durƙusa ya kama maƙali. Sai Khawaja ya kashe injin, ya sunkuya ya yi masa magana a kunne. Yaron ya sauka ya tafi wurin alƙalan tsere. Likita ya rufe masa idon dama da tafin hannunsa, shi ke nan. Sun karɓe takardarsa ta tsere. Ranar babban tseren an gan shi zaune a kan katanga cikin 'yan kallo. Ba zai dawo Jidda ba.

Ba wanda ya mutu, na yi sujada. Amma ni na kashe injin nan, Yaya, kuma na san abin da yake a wurinsa.

Ya ba sabon Baturen ƙunshi ya kawo mini. Ba takarda, ba gaisuwa. Maƙalin ƙarfen nan ne da na lanƙwasa, ya kwance shi daga allon. Na juya shi na juya, na kasa gane ko godiya ce, ko cewa yake in riƙe tsiyata. Na gaya wa Inna, ta ce in ba ta. Ta shafa shi, ta sa hannunta a ciki, ta ce, "Wannan ai riƙo ne mai kyau." Ta tura shi cikin kayanta, ta hana ni.

Ƙanenki,
Rafi'u

Madani
Safar, 1380

Zuwa ga ƙanena Alhaji Rafi'u.

Wa alaikumus salam. Hajiya ta iso lafiya, zango ya cika da 'yan barka har tabarmi suka ƙare. Gwiwata da sauƙi. Ka gaida Zakiya, ka ce mata Inna ta ce miyarta ta fi tawa, amma gishiri.

Ba fushi ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Na karanta takardarka ta tsaye da zuciyar da ta riga ta yanke, na kuma rubuta maka abin da na rubuta. Ka yafe mini. Maganar biri kuwa ba zan janye ba.

Zancen Khawajanka, ni ban san Turawa ba. Amma mutumin da yake son ya zage ka ba ya zama da sifana ya kwance ƙarfe, ya naɗe, ya nemi mai zuwa Jidda. Kuma ka daina cewa kai ka kashe injin. Kana Mina lokacin, hannunsa ne a kai.

Kwana biyu da isowarta Inna ta sa aka kira magina. Ta ce a rushe bukkar, ɗakin ƙasa take so, mai ƙofar katako. Muka dubi juna. Da gini ya kai kafaɗa ta fito da ƙarfen nan ta ce a dasa mata shi a jikin bango, bakin ƙofa, ta hagu in za ka fita. Ta tsaya a kansu har sai da tsayinsa ya yi daidai da hannunta.

Jiya da safe ina tankaɗe ta kira ni. Ta ce, "Dela, lemun nan da kika taɓa kawowa, ana samun wani?" Na je na samo. Yanzu da hantsi takan kama ƙarfen ta sauko dokin ƙofa ita kaɗai, da butarta, ta ba shi ruwa. Na ce mata sai ya shekara huɗu kafin ya yi 'ya'ya. Ta ce ina ruwanta, ba inda za ta.

Yayarka,
Dela